Ladan Mai Shiga Lungun da Ba Ya Ɓullewa

Allon katako ne baƙi shimfiɗe a ƙasa, tsawonsa da faɗinsa kowanne bai cika mita 3 ba. An yanka shi gida-gida kamar filin dara, 16 a tsaye 16 a kwance, gida 256 ke nan, kowanne santimita 18. Tsakanin gidajen an kakkafa 'yan bangaye farare masu jan kai, tsayinsu santimita 5, suka mai da allon lungu da saƙo irin na tsohon birni, wani lungun ya ɓulle, wani ya toshe. A kusurwa ɗaya ɗalibi zai durƙusa da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ya ɗauke ƙurar tayoyinta da salatif, ya ajiye ta, ya danna, ya ja da baya. Daga nan hannunsa ya fita, domin dokar gasar ta hana a gaya wa na'urar komai game da allon bayan an buɗe shi. Sunanta Micromouse, mu ce ɓeran ƙarfe, kuma aikinta ta kai kanta gidaje huɗun da ke tsakiya. Zagayen farko abin dariya ne ga baƙo: ɓeran ya kutsa lungu, ya iske bango, ya tsaya cak, ya juya, ya koma inda ya baro, 'yan kallo da ke hangen allon daga sama suna ganin hanya a fili shi kuwa yana lalube. Zagayen ƙarshe da ƙyar ido yake bin sa. A gasar Japan ta 2011 ɓeran Ng Beng Kiat, malami daga Singafo, ya tashi daga kusurwa ya isa tsakiya cikin daƙiƙa 3.921. Tafi na zagayen ƙarshe ne, amma duk gudun nan da laluben farko aka saye shi.

Wasan ya girmi yawancin masu yin sa. A 1950 Claude Shannon, masanin lissafi a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya ƙera wani ɓera mai maganaɗisu a ciki da gashin baki na tagulla, ya sa masa suna Theseus. Ƙwaƙwalwarsa tana ƙarƙashin tebur, makunnan layin tarho ne aka jera, gidajen allonsa kuma 25 kacal. A 1977 mujallar Spectrum ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta shelanta gasa, mutum wajen 6,000 suka rubuta suna, 15 suka kai wasan ƙarshe a New York a 1979. A can masu dogon lissafi suka ji kunya, don wasu ɓerayen da abin da kawai suka iya shi ne su manne wa bango ɗaya su bi shi a guje sun yi kafaɗa da kafaɗa da masu ƙwaƙwalwa. Da gasar ta zo Landan a 1980, John Billingsley ya mai da wurin zuwa tsakiyar allo, aka kuma riƙa tsara bangayen tsakiyar yadda ba su haɗu da na waje ba. A 1980 ɗin ne Japan ma ta fara tata, kuma yau ɗaliban injiniya a Asiya da Turai da Amurka da wannan ɓeran suke gwada ƙwanjinsu.

Mutumin Bahri, garin da ke ƙetaren kogi daga Khartum a Sudan, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan hanyar da aka bi jiya lafiya yau ta toshe. Garin masana'antu ne kuma garin karatu: a nan Jami'ar Alza'im Al'azhari take tun 1993, da Jami'ar Bahri da aka kafa a 2011 bayan ɓallewar Sudan ta Kudu, da kwalejin noma ta Jami'ar Khartum a Shambat, ita kuwa kwalejin injiniyan jami'ar tsohuwar gadar ƙarfe ta Shuɗin Nilu kawai za ka tsallaka ka iske ta. Daga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF, garin ya koma allon da ba mai taswirarsa. Gadar Shambat da ke haɗa shi da Omdurman ta karye a Nuwamban shekarar. Kowane magidanci sai da ya yanke wa iyalinsa hukunci, a zauna ko a tashi, in an tashi a yi arewa ko kudu. Dubbai suka zaɓi Wad Madani don a lokacin ita ce tudun mun tsira, a Disamba yaƙin ya cim musu a can, suka sake ɗaure kaya. Tun da soja suka karɓe garin a farkon 2025 aka fara komawa, kuma duk inda aka yi irin wannan komawa "da na sani" da "da ka ji maganata" ba sa rasa wurin zama. Ƙarƙashin waɗannan maganganu akwai tsohuwar tambayar malaman usulu: mutumin da ya nemi daidai iyakar ƙoƙarinsa ya faɗa kuskure, ɓatacce ne? Ni a ganina halittar da ba ta ganin bayan bango ba ta da hanyar isa gaskiya sai ta cikin kuskure, shari'a ta san da haka ta yi masa tanadi, laifi kuwa yana farawa ne daga inda mutum ya ci karo da bango ya ƙi rubuta shi.

A fara da mai bin bango, don an cika raina shi. Dabararsa ita ce ya ɗora hannun dama a bango kada ya ɗaga, kuma lissafi ya tabbatar cewa matuƙar bangayen duk a haɗe suke to lalle zai fita, ba tare da ya haddace ko lungu ɗaya ba. Wannan shi ne taƙlidi, kuma yawancinmu a yawancin al'amura a kansa muke, daga alwala har shan magani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya yi fama da wasu ɗalibai a zamaninsa da suka ƙoshi da littattafan tauhidi irin Ummul Barahina ta Sheikh Sanusi mutumin Tilimsan, suka riƙa titsiye talakawa da tambayar dalilan siffofin Allah, wanda ya kasa su ce imaninsa bai inganta ba. Shehu ya rubuta littattafai da dama yana kare imanin waɗannan bayin Allah. Don haka ba wanda zai ce bin bango aibu ne. Sai dai yana da iyaka, kuma iyakar tana nan a gaban Bahri. Tsibirin Tuti yana zaune inda Nilu biyu suke haɗuwa. Wanda ya riƙe gaɓar Bahri ya bi ta zai wuce Hillat Hamad, ya wuce Shambat da Halfaya, ya yi ta tafiya har Masar, ya ga gonakin Tuti da idonsa amma ƙafarsa ba ta taka su ba, sai fa in ya saki gaɓa ya shiga kwalekwale. Yaƙi ya jefo wa mutanen Bahri tambayoyi irin na tsibiri. Mutum yana da kuɗi a manhajar Bankak a wayarsa, banki a rufe, mai tsabar kuɗi ya ce sai ya cire kasonsa kafin ya ba shi: riba ce ko lalura? An rufe mamaci a tsakar gida don hanyar maƙabarta ta zama filin harbi: in an samu lafiya a tone shi ko a bar shi? Littafi ya ba da ƙa'ida, amma mai littafin bai ga wannan titin ba, dole wani ya auna.

Ɓeran da ke kaiwa tsakiya wata dabara yake bi da injiniyoyi suka raɗa wa sunan ambaliya, kuma waɗanda suka ga ruwan 1988 da na 2020 a bakin Nilu za su gane dalili. Da farko abu biyu kawai ya sani, girman allon da inda tsakiya take. Sai ya ƙaddara cewa duk inda bai gani ba babu bango. Ya ba gidajen tsakiya lamba 0, maƙwabtansu 1, na bayansu 2, lambobin suna malala kamar ruwa har kusurwar da yake tsaye, wadda ke samun 14. Daga nan ya zama kamar ruwa mai neman gangare, kullum gidan da lambarsa ta fi ƙanƙanta yake shiga. Idanunsa wani haske ne da idon mutum ba ya gani, yana jefa shi gaba da gefe yana auna dawowarsa, ganinsa bai wuce gidan da yake ciki da na gabansa ba. Da ya iske bango inda ya zaci hanya, sai ya rubuta bangon a ƙwaƙwalwarsa, ya sake malala lambobin, 14 ɗin nan ta koma 30 ko 60, ya juya ba tare da ɓata lokaci ba. A lura, taswirar da ya fara da ita kusan ko'ina kuskure ce. Amma da ya ƙaddara akasin haka, wato duk inda bai gani ba a toshe yake, da ko motsi ba zai yi ba, batirinsa zai ƙare a kusurwa yana mai tsarki daga kuskure. Kyakkyawan zato ne yake tayar da shi, karɓar gyara ce take kai shi, kuma kowane lungun da ya shiga ya fito ya rage masa jahilci da gwargwadon bango ɗaya ko biyu.

Wanda ya yi karatun zaure zai ji wannan bai zama baƙo a kunnensa ba. Yaro tun yana Ahalari ake koya masa cewa wanda ya kuskure alƙibla zai sake salla ne matuƙar lokaci bai fita ba. Matafiyi a daji, gari ya yi hadari, ya duba abin da zai iya dubawa ya fuskanci inda ya fi rinjaye a zuciyarsa: in rana ta fito ya ga ya karkace, ya sake in da lokaci, in lokaci ya wuce sallarsa ta yi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya ƙi salla wai sai ya tabbatar, ko ya ga ranar ƙuru-ƙuru ya ci gaba da fuskantar inda ya fara don kada a ce ya yi kuskure. Malaman rabon gado kuma suna da mas'alar da suke kira Himariyya. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa na wajen uwa da shaƙiƙai maza. In an kasa dukiyar shida, miji ya ɗauki uku, uwa ɗaya, 'yan'uwan wajen uwa biyu, shaƙiƙai su tashi hannu rabbana. Haka Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hukunta karon farko. Da irin shari'ar ta sake zuwa, shaƙiƙan suka kawo hujjar cewa ko da a ce ubansu jaki ne ai uwarsu ɗaya da masu cin gadon, sai ya haɗa su duka a cikin kashi biyun nan. Da aka tuna masa hukuncin baya bai musanta ba, bai kuma warware shi ba, ya bar wancan a matsayinsa ya zartar da wannan. Malik da Shafi'i suka bi hukunci na biyu, Abu Hanifa da Ahmad suka tsaya a na farko. Shi Shafi'in kansa yana da maganganunsa na Iraƙi da waɗanda ya koma gare su a Masar, almajiransa kuma ba su ɓoye na farkon ba, sun adana su da sunansu. Tushen duk wannan hadisin Amru ɗan Asi ne da Buhari da Muslim suka fitar, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wa mai hukuncin da ya yi ijtihadi ya dace lada biyu, wanda ya yi ijtihadi ya kuskure lada ɗaya. Ba a ba ɓatacce lada. Tun da aka ba wannan, to shi da ɓatacce ba abu ɗaya ba ne.

Wani zai ce in haka ne yaƙini ya tafi ke nan, kullum muna jiran bangon gobe. Ɓeran nan yana da amsa mai kyau ga wannan. Ba ya bukatar ya leƙa gida 256 duka. Yakan yi lissafi biyu: hanya mafi kusa ta cikin gidajen da ya riga ya taka, da hanya mafi kusa in an ƙaddara duk sauran gidajen a buɗe suke. Ranar da lissafin biyu suka zo daidai, bincike ya ƙare, domin ko me ke ɓoye a sauran allon ba zai iya ba da hanyar da ta fi wadda ke hannu ba. Yaƙini ne na gaske, kuma an same shi ba tare da an ga komai da komai ba. Ɗan Adam ma ba a ɗora masa ya san duka ba, an ɗora masa ne ya bincika har ya kai inda sauran abin da bai sani ba ba zai canja hukuncin ba, kuma a mas'aloli da yawa ana kaiwa nan.

Suka mafi ƙarfi daga masu kishin addini take zuwa, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa ɓera yana lalube ne don an ɓoye masa taswira, mu kuwa Mai allon da kansa ya saukar mana da ita, addini ya cika, me ya rage na lalube? Gaskiya ne addini ya cika. Amma a duba abin da aka saukar. An gaya mana inda za mu, an gaya mana dokokin tafiya, an kuma nuna mana wasu bangaye da sunansu waɗanda ba a taɓa su, kamar kaɗaita Allah da salla biyar da haramcin jinin mutum, waɗannan ba wurin ijtihadi ba ne. Ba a gaya wa magidancin Shambat ko Madani za ta faɗi a Disamba ba. Ko a zamanin da wahayi ke sauka, sahabban da aka umarta kada su yi la'asar sai a Banu Ƙuraiza sun rabu biyu da lokaci ya kama su a hanya, wasu suka yi salla wasu suka jinkirta, kuma ba ɓangaren da aka tsawata wa. Misali mafi kusa da mu yana cikin tarihin zuwan Hausawa Sudan. Da Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila a 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ga hijira ta wajaba, ya yi gabas, jama'a suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a 27 ga Yuli. Waziri Buhari ya koma cikin gari, yana ganin in kowa ya tashi ba mai riƙe wa waɗanda ba su iya tafiya salla da alƙalanci, ya kuma rubuta risala yana bayyana uzurinsa ga ma'abota ilimi. Dukansu sun san littafin Shehu a kan wajabcin hijira, alƙiblarsu ɗaya, malamansu ɗaya. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai sauran jama'ar bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Zuriyar waɗanda suka tashi da zuriyar waɗanda suka zauna duk suna salla a yau, kuma mai adalci ba zai iya nuna ɗayan biyun ya ce wannan ne ya ɓata ba.

Har bayan an san allon duka, saɓani ba ya ƙarewa. A gasar Japan ta 2017 ɓerayen da suka zo na biyu da na uku hanya mafi gajarta suka bi. Wanda ya ci, Red Comet na Masakazu Utsunomiya, ya zaɓi wata da ta fi ta tsawo da sama da mita 5 don kwanoninta kaɗan ne, ya samu miƙaƙƙen fili ya yi gudu, ya riga su da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Bahaushe ya riga ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Bangayen ɗaya ne a wurin kowa, abin da ya bambanta nauyin ɓera da riƙon tayoyinsa. Wannan ne ya sa, a fahimtata, Imamu Malik ya ƙi yarda da halifan Abbasiyawa ya tilasta wa dukan garuruwa Muwaɗɗa: sahabbai sun watsu, kowace ƙasa da abin da ya isa gare ta da halin mutanenta.

Akwai kuma mai cewa kwatancin gaba ɗaya bai yi ba, don ƙarfe ba shi da niyya, ba shi da rai, ba lada ba zunubi, lada kuwa a kan niyya take. Wannan na karɓe shi, kuma ba na ganin ɓeran ya san wani abu irin sanin mutum. Ɗalibin da ya kwana yana rubuta masa umarni shi ne mai niyya. Sai dai rashin ran nan shi ya sa kallonsa yake da amfani, don yana nuna tsarin nema tsirara, ba tare da abin da ke ɓata shi a wurinmu ba. Ɓera ba shi da almajiran da za su ce malam ya janye, ba shi da kaset ɗin wa'azin bara da za a kunna masa, ba shi da ƙungiyar da za ta ji kunya. Mutum yana da duk waɗannan, shi ya sa rubuta bango yake yi masa nauyi kamar dutse, shi ya sa kuma yake samun lada in ya yi. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musal Ash'ari ta gargaɗe shi a kan wannan wurin daidai, cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau.

Sukar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta ƙarshe: wannan magana za ta buɗe wa kowane mai waya ƙofar fatawa, ya faɗi abin da ya ga dama ya ce ai ko ya kuskure yana da lada ɗaya. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma ita gasar ba kowa ake sakawa a allo ba. Ɓeran da idanunsa ba su daidaita ba bango zai riƙa gani inda babu, ya rubuta ƙarya a ƙwaƙwalwarsa, ya kulle kansa a lungun da ke buɗe. Ɗalibai sukan shafe makonni a kan daidaita idanun nan kaɗai. Dokar kuma ta hana tsallake bango, ko hawa kansa, ko ƙona shi, ko fasa shi, wanda ya yi haka an fitar da shi ko da ya isa tsakiya. Ladan mai kuskure na wanda ya mallaki kayan aiki ne, ya san Larabci da nassi da wuraren da aka yi ijma'i, ya kuma ƙure ƙoƙarinsa. Wanda ya yi hukunci da jahilci hadisi ya sanya shi cikin alƙalan wuta, malamai kuma suka ce ko ya dace ba a yaba masa.

Akwai wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba, shi ne kuskuren ya kasance wanda ake iya dawowa daga gare shi, kuma Bahri tana da shaida a kansa. A gidan yarin Kobar da ke garin aka rataye Mahmud Muhammad Taha ranar 18 ga Janairu 1985, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, injiniya da ya gama kwalejin Gordon a 1936, kwalejin da ta zama Jami'ar Khartum. Ra'ayinsa na cewa ayoyin Makka su ne za su yi hukunci a wannan zamani a madadin hukunce-hukuncen Madina jumhurun malamai sun ƙi shi, ni ma ina ganin fasa bango ne, ba neman hanya ba. Amma a dubi yadda aka yi da shi. An kama shi ne a kan takardar da ya raba yana sukar dokokin Satumbar 1983 na Shugaba Numairi, shari'ar farko a Omdurman 'yan sa'o'i ta ɗauka, kotun ɗaukaka ƙara ce ta shigo da tuhumar ridda, laifin da a lokacin ba ya cikin kundin dokokin ƙasar. Numairi ya faɗi a 6 ga Afrilu, ƙasa da wata uku bayan nan. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce shari'ar ba ta inganta ba. Kotu ta rubuta bangonta, ta juyo, amma wanda za a mayar wa haƙƙinsa ba ya nan, ko kabarinsa ba a bayyana ba. Alƙali ma a cikin allo yake, ba a saman allo tare da 'yan kallo ba, shi ya sa fuƙaha'u suka kafa ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha, suka fifita kuskuren afuwa a kan kuskuren uƙuba. Duk ɗalibin da ya taɓa ƙera ɓera ya san ba a sakin gudu a lungun da ba a bincika ba, sai an je a hankali an dawo tukuna.

Jami'o'in Bahri suna ƙoƙarin sake buɗe ƙofofinsu, kuma ɗakunan gwaji da yawa a babban birnin an wawashe su lokacin yaƙin. Ga shugabannin kwalejojin injiniya ga shawara mai araha: allon ɓera katako ne da fenti, kowane kafinta a unguwar masana'antu zai haɗa shi, ɓeran kuma 'yan injuna biyu ne da batir da ƙwaƙwalwar da ba ta kai akwatin ashana ba. Ku kafa gasar tsakanin ɗaliban Bahri da Khartum da Omdurman. Ranar wasa ku gayyato ɗaliban shari'a da na usuluddini, ku ba su kujerun gaba, kuma ku roƙe su su zo da wuri don kada zagayen farko ya wuce su. Allon bai cika mita 3 ba, aji ɗaya zai ɗauke shi da 'yan kallonsa.